Inda Muka Baro Muryar Yaya Rabi

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Delhi ɗan ƙasarmu ne, sunansa Bashir. Karatu ya kai shi Indiya shekarun baya, ya zauna, ya mayar da rakiyar marasa lafiya sana'a. Wani ɗan kasuwa a Gusau ne ya haɗa mu da shi. Da ya ƙaraso ya ce, "Sannunku da hanya, Hajiya, ya gajiya?" sai na ji kamar an sauke mini buhun dawa daga ka.

Yaya Rabi ta dube shi sama da ƙasa. Da muryar nan tata da ta koma kamar ana jan garwa a kan tsakuwa ta ce, "Kai ɗan wane gari na?"

Ya faɗa mata.

"To, Allah shi sa kana da uwa," in ji ta. "Mai uwa ba ya cutar uwar wani."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba.

Yaya Rabi ita ta raine ni. Ina rarrafe mahaifiyarmu ta rasu, da aka kai ta ɗakin miji a Tsafe ta tafi da ni a goye. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta yi mini karatu har na zama malamin gona a Bungudu. Mace ce mai baki. In ana rigima a unguwa ita ake kira, in ana biki ita ke kan tukunya, kuma tun daga bakin layi za ka san tana gida. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda ce, Hajara, tana da tsohon ciki a lokacin, don haka rakiyar ta faɗo kaina.

Ciwon da dishewar murya ya fara. Muka ce mura ce, muka ce hayaƙin suya ne. Ta sha zuma da citta, ta sha ƙwayoyin kemis iri-iri. Sai da haɗiya ta fara yi mata zafi har cikin kunne sannan na matsa muka je Gusau. Wani likita matashi ya zura mata siririyar roba mai fitila ta hanci, ya ga ƙari a saman maƙogwaro. Aka gutsuri kaɗan aka aika gwaji. Sakamako ya ce daji ne, amma ba a iya tantance irinsa ba. Da likitan ya ji mun yanke shawarar fita waje, shi da kansa ya bi ya karɓo mana ɗan naman da aka gutsura, an daskarar da shi cikin kaki, bai fi ƙwayar alewa ba. Ya naɗe da auduga ya manne da salatif.

"Malam Isa," ya ce, "ƙwayoyin naman nan ba su yi kama da waɗanda muka saba gani ba. Akwai wani rini na musamman da ake yi musu, mu ba mu da shi. Ku ba su wannan su sake dubawa kafin a yi mata komai."

A cikin mota, tun kafin mu isa masauki, na damƙa wa Bashir. Ya jefa a jakarsa ya ce gobe-gobe zai kai.

Masaukin wani dogon bene ne a cikin lungu, cike da baƙi marasa lafiya daga ƙasashe daban-daban. Kowane ɗaki da nasa tarin, kowane bene da nasa warin magani. Akwai kicin guda da kowa ke girki. Garin kuwa bai san shiru ba. Hon ɗin motoci da na a-daidaita ba ya yankewa, ga wani hayaƙi da ke zaune a sama yana hana rana fitowa sosai. Yaya ta leƙa taga ta ga saniya kwance a tsakiyar titi motoci na kewaye ta, ta ce, "Auta, zo ka ga garin da saniya ta fi direba gata." Auta take ce mini har na yi furfura.

Asibitin da Bashir ya kai mu ƙarami ne amma yana sheƙi. An yi hoton wuya, an ɗibi jini. Likitan tiyatar dogo ne, mai fara'a, mai sauri, Turancinsa na gudu kamar ana zuba tsaba a faranti. Rabin maganar nake kamawa, Bashir ya cike mini sauran. Likitan ya ce ƙarin ya fara toshe hanyar numfashi. Abin da ya fi shi ne a cire maƙogwaron baki ɗaya, a buɗe mata ƙofar numfashi a gindin wuya.

Na ce, "Naman da muka zo da shi fa? An duba?"

Likitan ya kalli Bashir. Bashir ya ce an kai, amma irin wannan gwajin yana ɗaukar lokaci. Likitan ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya ce takardar gida ta riga ta ce daji ne, kuma daji ba ya jira.

Na juya na fassara wa Yaya. Ta ce, "In sun cire, da mi zan yi magana?"

Bashir ya riga ni. "Hajiya, akwai na'ura. Ana ɗora ta a wuya, ki yi maganarki kamar yadda kike yi yanzu. Na ga mutane da yawa."

Na ce a ba mu lokaci mu jira sakamakon. Muka koma masauki. Washegari da hantsi tana shan kunu sai ta ƙware. Na taɓa ganin mutum ya ƙware, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Numfashinta ya koma fito, idanunta suka firfito, ta kama gaban rigata da hannu biyu har maɓalli ya tsinke. Da abin ya sake ta, ta jingina da bango tana haki, hawaye na zuba.

"A yanke," ta ce. "Ban zo garin mutane in mutu kamar akuyar da igiya ta shaƙe ba. Kira yaron nan."

Na kira shi.

Ta kafa mini sharaɗi guda: kada Hajara ta san abin da za a cire. "Ciki gare ta. Ka ce aiki na ƙarami." Da yamma ta kira ta, suka yi magana gajeriya. Ta tambaye ta ko ƙafafun sun saɓe, ta ce ta rage gishiri. Hajara na son jan hira, ita kuwa tana tsoron kada muryarta ta tona ta. Ta ce, "Bari, in na fito mu sha labari. Akwai abin dariya da yawa garin ga."

Da safe, ana shirin tura ta ɗakin tiyata, ta sauya ra'ayi ta ce in sake kira mata Hajara. Na kira, layin bai shiga ba. Na sake, na sake. Ma'aikatan jinya suna tsaye suna jira da gadon turawa. Aka kwantar da ita, aka rufe mata kai da wata hular leda. Mun kai bakin ƙofar da ba a barin kowa ya wuce sai ta ɗago.

"Auta, takalmana. Kar ka bari a ɗauke."

Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya. Na zauna a kan benci da silifas ɗinta a cinyata har aka fito da ita.

Yaya ba ta yi boko ba, allo ma iyakarta abin sallah. Ba ta rubutu. Da ta farfaɗo, ga roba a hanci, ga huda a wuya tana shaƙar iska da ƙara, sai ta buɗe baki ta kira ni. Na ga leɓɓanta sun ce Auta. Babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa da ƙarfi, sai majina ta fito ta hudar. Ta dube ni irin kallon da yaro ke yi wa babba idan an yi masa alkawari an saɓa.

Kwanakin da suka biyo baya na gane ban san 'yar'uwata ba sai ta bakinta. Ta nuna abu, in kawo ruwa, ashe filo take so. Ta nuna ƙofa, in kira nas, ashe so take in fita ta gyara zaninta. In ta gaji da ni sai ta juya fuska bango. Ga wanka, ga kama ruwa, abubuwan da ƙane namiji ba shi da hurumi a ciki. A asibiti masu jinya na yi. Da aka sallame mu muka koma masauki, sai abin ya tsaya mini.

Ina kicin wata rana shinkafa na kamawa, ina ta mita ni kaɗai, "Wannan wace irin masifa ce," sai na ji an ce a bayana, "Malam, rage wuta mana. Ka cika ma tukunyar ga wuta."

Na juya da sauri har murfi ya faɗi. Wata mata ce gajera, kakkaura, da zanen atamfa da sarƙar gicciye a wuya. Inyamura ce, amma Hausar bakinta irin ta gidanmu ce sak. A Gusau aka haife ta, babanta na sayar da kayan gyaran mota, a nan ta yi aure. Mijinta ta kawo, ƙoda ke damunsa. Ta ce a kira ta Maman Ebuka.

Ban san lokacin da na zayyane mata komai ba. Ta kashe wutar, ta goge hannu ta ce, "Kai ni wurinta."

Ta shiga da sallama ta durƙusa. "Hajiya, ina wuni? Ya jiki? Ni 'yar Gusau ce, bayan tasha." Yaya ta zaro ido, ta kama hannunta ta ƙi saki. Maman Ebuka ta dube ni ta ce, "Malam, ba mu wuri."

Daga ranar ita ke yi mata wanka. Ta koyi share hudar da sauya ƙyallen da ake rufe ta da shi, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Abin da ya fi ba ni mamaki, tana gane ta. Yaya ta motsa leɓe ta karkaɗa yatsa, sai Maman Ebuka ta fashe da dariya ta ce, "Wallahi gaskiyarki, shayinsu kamar an dafa turare." In ina jiyo su daga waje sai in rantse mutum biyu ke hira.

Da aka cire robar hanci aka ce ta fara cin abu mai laushi, Maman Ebuka ta ce yau za a ci abincin gida. Ashe ta taho da kuka da daddawa a ƙulle cikin kayanta. Ta yi tuwon garin shinkafa ruwa-ruwa, ta kaɗa miya. Ƙamshin ya cika benen, ni kaina sai da idona ya kawo ruwa. Aka ajiye gaban Yaya. Ta sunkuya kan kwanon, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Ta miƙa hannu aka ba ta ƙullin daddawar, ta manna a hanci. Sai ta girgiza kai. Iska ta daina bi ta hancinta, ƙamshi ya tafi tare da murya, kuma babu wanda ya gaya mana haka zai faru. Ta ci loma kaɗan don kada ta kunyata mai girki.

Na'urar da Bashir ya yi alkawari ta zo. Wani ɗan abu ne kamar tocila. Aka nuna mata yadda za ta danna shi a wuya ta motsa baki. Ta gwada. Wata ƙara ta fito kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani, a cikinta da kyar na tsinci "salamu alaikum." Yaya ta cire abin ta dube shi, ta tura shi ƙarƙashin filo. An ce da haƙuri ana sabawa, wasu har waya suke yi da shi. Ita ba ta sake taɓa shi ba.

Sakamakon maƙogwaron da aka cire ya fito. Likitan tiyata bai yi fara'a ba ranar. Ya ce sai mun ga likitan daji, ya rubuta takarda. Bashir kuma ya fara wuyar samu, yau yana filin jirgi, gobe wayarsa a kashe. Maman Ebuka ce ta raka mu babban asibitin da ake duba mijinta, ta yi ta tambaya har muka samu layi.

Likitar mace ce mai furfura, tana magana a hankali kamar ta san kunnena baƙo ne. Ta sa aka yi hoton jiki gaba ɗaya. Da muka koma ta zaunar da mu, ta zana maƙogwaro a takarda. Ta ce yawancin dajin maƙogwaro daga fatar cikinsa yake tashi, shi kowa ya sani, shi ake yawan yankewa. Na Yaya ba shi ba ne. Daga wasu ƙwayoyi ya taso masu alaƙa da jijiya da sinadaran jiki, ana ce da shi niyuro-endokirin. Ba kasafai ake ganinsa a maƙogwaro ba, likita na iya tsufa a aiki bai gamu da shi ba. Shi ma kala-kala ne. Akwai mai tafiyar hawainiya, wanda wuƙa ce maganinsa. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, mai gudu, wanda kafin a gan shi a wuya sau da yawa ya riga ya yi gaba. Ba a bambance su da ido, sai an yi rinin nan. Na Yaya mai gudun ne, kuma hoton ya nuna ya taɓa hanta.

Na ce, "Likita, da an san haka tun farko, da an yanke?"

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ba ta nan ranar, ba ta ga yadda numfashin yake ba, ba za ta yanke wa wani hukunci ba. Amma irin wannan, da ƙarin ruwan magani ake fara masa, da gashi na na'ura. In numfashi ya matse, ana iya yin 'yar huda a wuya a bar maƙogwaron a wurinsa har a ga sakamako.

"Da ta warke?"

"Ba na jin haka," ta ce. "Amma mai yiwuwa da tana magana."

Yaya na kallon bakinmu. Ta kama wuyan hannuna ta matse, alamar in faɗa mata. Na faɗi na hanta, na faɗi na ƙarin ruwa. Ba ta saki ba, don ta ga tambayar da na yi da yadda fuskata ta koma. Sai na faɗa mata sauran. Ta ɗora yatsu a kan ƙyallen wuyanta ta daɗe. Sannan ta nuna sama da yatsa guda, ta gyara mayafinta, ta miƙe ta riga mu fita.

Ba a jima ba Bashir ya aiko da sauran takardunmu a babban ambulan, ya bari wurin mai gadin masauki. Ina zazzagewa sai ƙullin auduga ya faɗo. Salatif ɗin likitan Gusau na nan yadda ya manna shi, ko ɓantara ba a yi ba. Na kira Bashir da wayar Maman Ebuka don ya ɗauka.

"Malam Isa, ka yi haƙuri, abubuwa ne suka yi mini yawa," in ji shi. "Kuma ai ko an kai, aikin nan sai an yi shi."

Na dubi ƙullin audugar a tafin hannuna. Na kashe wayar.

Aka fara ƙarin ruwan. Kitson da Maman Ebuka ta yi ya zube a kan filo. Yaya ta rame, ta yi baƙi, amai kuma ga mai huda a wuya wani tashin hankali ne na daban. Duk wannan lokacin ina gaya wa Hajara likitoci ne suka hana magana sai ciwo ya warke. Ta kan ce in kara mata wayar a kunne, ta yi ta zuba, uwar na ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi don ta san ana ji.

Hajara ta haihu, mace. Ranar suna mijinta ya kira mu ta waya mai hoto. Ga tsakar gidan Tsafe cike da mata, ga Hajara da jan lalle, ta ɗago jaririyar ta ce, "Inna, ga takwararki." Yaya ta karɓi wayar da hannu biyu. Bakinta ya shiga motsi da sauri, addu'a take jerowa, na ga Allah shi raya, na ga Allah shi yi albarka.

"Inna, ban jin ki," in ji Hajara. "Kawu, sabis ne? Inna, ɗaga murya kaɗan, ko kalma guda. Yau suna."

Yaya ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi wayar. Sannan ta sa hannu ta janye mayafin, ta ɗaga ƙyallen.

Na ji ihun Hajara, na ga sama da rufin kwano, wayarsu ta faɗi. Maman Ebuka ta rungume Yaya, ni kuwa na fita na tsaya a matakala.

Mijin Maman Ebuka ya samu sauƙi suka riga mu tafiya. Ta bar mana tukunyarta. Da za ta fita ta riƙe hannuwan Yaya ta yi addu'a irin tasu, Yaya ta shafa tare da ita. Bayan nan masaukin ya yi mana faɗi. Likitar ta ce abin hantar ya ja baya, amma irinsa yakan dawo, kuma sauran maganin ana iya ƙarasa shi a gida. Na tambayi Yaya. Tun kafin in rufe baki ta nuna akwati.

Mun iso Tsafe ana yankan gero. Mata suka cika ɗakinta, aka yi gaisuwa, sai kowa ya yi tsit yana kallon tabarma. Ba su saba fara magana a gabanta ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta jawo kwanon sha ta buga da ƙarfi, ta yi musu alama da hannu: ku yi mana. Wata ta soma labarin rigimar da aka yi kan kuɗin adashi, wata ta karɓe, kafin wani lokaci ɗakin ya kaure. Yaya na tsakiya da takwararta a cinya, kafaɗunta na rawa, tana dariyar da ba ta da sauti.

Ba ta ga damina ta gaba ba. Na kan taso daga Bungudu in kai ta Gusau ƙarin ruwa, har ranar da ta ɗaga mini hannu ta ce ya isa. Ta rasu a ɗakinta, da rana, kanta a cinyar Hajara.

Bayan sadakar arba'in Hajara ta shiga bin 'yan'uwa da maƙwabta, ko akwai wanda ke da muryar uwarta a waya. Ita Yaya ƙaramar waya ta riƙe duk rayuwarta, ba ta taɓa aika saƙon murya ba. Mace da ta cika unguwa da magana shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa tunanin ɗauka. Daga ƙarshe aka samu wani ɗan bidiyon biki a wayar wata maƙwabciya. Hajara ta hau mota ta kawo mini har Bungudu.

Amarya ake nunawa, ana ta guɗa. Ba a ga Yaya ba. Can daga gefe sai aka ji ta: "Ku kawo murfin tukunyar ga, ƙuda na shiga!"

Hajara ta maimaita, ta sake maimaitawa, tana murmushi tana share ido. "Ka ji ta, Kawu? In yarinyar nan ta girma zan kunna mata."

Na ce na ji. A dishe muryar take. An yi bikin ne bayan ciwon ya kama ta, lokacin da muke cewa mura ce.